Yadda Ake Tantance Katun Ɗin Jarumai Kafin a Bar Yara Su Kalla

A gidaje da yawa, da zarar an leƙa an ga zane ne ke motsi a talabijin, an gama yanke hukunci: kallon yara ne. Uwa ta koma kan tukunyarta hankali kwance. Uba kuma ya biya wurin masu turin finafinai a bakin kasuwa, ya miƙa memori ya ce a cika wa yara da katun. Mai shago ya yi kwasar karan mahaukaciya ya zuba duk abin da ke cikin kwamfutarsa, alhali shi ma bai taɓa zama ya kalli ko ɗaya ba.

Ta haka irin su Invincible, wanda ya fito a 2021, ke shigowa ɗakin yara. Zanensa ba shi da maraba da na sauran: saurayi ɗan sakandare, uba mai tashi sama, riguna masu launi. Kusan duk kashi na farko lami lafiya yake tafiya, sai a mintunan ƙarshe a shiga fasa kawuna jini na fallatsa. Masu shi ba su ɓoye ba, sun sa masa alamar manya zalla. Sai dai alamar ba ta bin fim zuwa cikin memori.

Tantancewa dai ta dawo kan iyaye. Ba sai mutum ya ƙware a Turanci ba, kuma yamma ɗaya ta isa a yi mafi yawan aikin. Ga yadda ake bi.

Na farko: wa zai kalla?

Tambayar "ya dace da yara?" ba ta da amsa sai an faɗi wane yaro. Ɗan shekara 4 da ɗan shekara 10 za su zauna a tabarma ɗaya gaban allo ɗaya, amma ba abu ɗaya suke gani ba. Mu kuma da wuya yaro ya yi kallo shi kaɗai. Yaya ne ke riƙe da rimot ko waya, ƙanne sun kewaye shi, ga 'ya'yan maƙwabta, ga auta a cinyar wata. To mafi ƙanƙanta a wurin shi ne ma'auni. In katun ya dace da yayan amma ya fi ƙarfin autan, sai a nema wa yayan lokacin da autan ya yi barci.

Wanda bai kai shekara 2 ba babu ma abin tantance masa. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ita ce kada a zaunar da shi gaban allo, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kada kallon ya wuce awa ɗaya a rana. Tsakanin 3 da 6 ne aka fi buƙatar lura, domin a shekarun nan yaro bai gama raba abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba, kuma abin da idonsa ya gani ya fi abin da aka faɗa zama a ransa. Sai wajen shekara 7 yake fara cewa da bakinsa, "Kai, wannan ai ƙarya ce."

Akwai kuma batun harshe, wanda masu ba da shawara a ƙasashen da ake yin katun ɗin ba sa kawowa, don ba matsalarsu ba ce. Da Turanci yawancinsu ke zuwa mana, ko da Larabci ga masu kama MBC 3 da Spacetoon, ko da Faransanci a Nijar. Darasin da marubutan suka saka, na taimakon mai rauni da haɗin kai da haƙuri, a cikin magana yake. Naushi kuwa ba ya buƙatar tafinta. Yaron da ba ya jin harshen zai tashi da naushin ya bar darasin a wurin. In ɗanku ba ya jin abin da ake faɗa, ku yi masa lissafi kamar bai kai shekarunsa ba da ɗaya ko biyu.

Na biyu: a gano ainihin abin da ke hannu

Sunan jarumi ba ya gaya muku komai. Akwai Spider-Man na 'yan nazare, wanda aka fara nunawa a 2021 da sunan Spidey and His Amazing Friends, akwai kuma waɗanda aka yi wa matasa, inda ake mutuwa ana kuka. Batman ma haka: akwai nasa na barkwanci, akwai kuma The Killing Joke na 2016, katun ne amma a Amurka alamar R aka ba shi, wato na manya. A cikin memori duk "Batman" za ku gani a rubuce. Saboda haka ku nemo cikakken suna da shekarar fitowa. Sunan yana fitowa a mintunan farko, shekarar kuma a rubutun ƙarshe. Ku rubuta su tare a Google.

Shiri kuma yana girma tare da masu kallonsa. Ben 10 na 2005 yaro ne ɗan shekara 10 da ke yawon hutu da kakansa. A ci gaban da ya biyo a 2008 ya zama ɗan 15, har da budurwa, labarin kuma ya ƙara nauyi. Izinin da kuka ba wa na farko bai shafi na biyu ba.

Sai a lura da inda aka samo shi. Tashoshin yara na Larabawa, musamman Spacetoon, suna yanke wasu wurare su sauya wasu maganganu, don haka abin da kuka amince da shi a can ba lalle ya zama shi ne wanda aka sauke daga intanet ba. Wanda aka ɗora wa fassarar Hausa kuma sabon shiri ne gaba ɗaya, domin mai fassara yakan cusa nasa barkwancin, wani lokaci da habaici ko baƙar maganar da babu ita a asali, kuma ita ce yaro zai fi saurin haddacewa tunda harshensa ne. Katun ɗin Japan, masu manyan idanu da gashi tsaye, da yawa daga cikinsu matasa aka yi wa. My Hero Academia, misali, alamar shekara 14 gare shi.

Na uku: alamar shekaru, da iyakar amfaninta

Tun 1997 shirye-shiryen talabijin na Amurka ke zuwa da alama, kuma tunda yawancin katun ɗin jarumai daga can suke, ita za ku fi cin karo da ita:

TV-Y: an yi shi don ƙananan yara, har da 'yan 2 zuwa 6.
TV-Y7: daga shekara 7. In an ƙara FV, to akwai faɗan almara da ya fi na sauran zafi. A nan mafi yawan katun ɗin jarumai suke.
TV-PG: sai da iyaye a kusa.
TV-14 da TV-MA: ba na yara ba ne, ko da kuwa zomo aka zana.

Dogon fim kuma G ne, ko PG, ko PG-13, ko R. A DStv da GOtv, in kun danna maɓallin bayani a rimot za ku ga lambar shekaru, wani lokaci da harafi a gefe: V na faɗa, L na munanan kalamai, S da N na batsa da tsiraici.

Ni dai amfani ɗaya nake yi da alamar: in ta ce a'a, na yarda da ita nan take, in ta ce e, sai na duba da kaina. Dalili shi ne a tsarin talabijin na Amurka masu shirin da tasharsu ne ke sa wa kansu alamar, kuma da ma'aunin al'adarsu suke aunawa. Sumba, ko matsattsiyar riga, ko yaron da ke mayar wa ubansa magana, ba lalle su ɗaga alamar ba. Hukumar tace finafinai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1993, tana da nata alamomin, Kano ma tana da tata hukumar, amma abin da ya shigo ta memori ko YouTube bai bi ta gabansu ba.

Ga mai jin Turanci akwai gajeriyar hanya. Shafin Common Sense Media yana ba da shekarun da yake ganin sun dace, tare da ra'ayin iyaye. A shafin bayanan finafinai na IMDb kuma shirye-shirye da yawa suna da sashen Parents Guide, inda masu kallo ke lissafa wuraren faɗa, da na tsoro, da na batsa ɗaya bayan ɗaya. Minti biyar a can kan raba ku da ɓata data.

Na huɗu: ku kalla da kanku, ba tare da yaran ba

Wannan ne ainihin aikin, sauran duk share fage ne. Ku zaɓi kashi uku: na farko, da ɗaya daga tsakiya, da na ƙarshen zango. Na farko yakan zo da ladabi don ya jawo mai kallo. Na ƙarshe ne ake fito da babban bos, a kashe wanda za a kashe. Kowane kashi minti 11 ne ko 22 galibi, don haka ba wani dogon zama ba ne. Ku kai har ƙarshen rubutun sunaye, don akan ɓoye wani ɗan guntu a bayansa.

Ɗaya daga cikin ukun ku kashe masa sauti. Abin da kuka fahimta ba murya, kusan shi ne abin da ƙaramin yaron da ba ya jin harshen ke ɗauka. In kun iya gane cewa wannan ya taimaki wancan, wannan ya yi nadama, sun shirya, to labarin yana cikin hoton. In kuwa ba ku ga komai ba sai gudu da duka da fashewa, to shi ma abin da zai gani ke nan.

Faɗa shi ne babban abin dubawa, amma ba yawansa kaɗai ba. Katun ɗin jarumai ba ya rasa faɗa, wanda ya ce sai marar faɗa sam gara ya haƙura da nau'in gaba ɗaya. Abin tambaya shi ne da me ake warware matsala. A wasu, jarumin dabara yake yi: ya ɗaure ɓarawo, ya ceto wanda ya maƙale, ya nemi taimakon abokai, ya miƙa mai laifi ga hukuma. A wasu kuma kowane kashi hanya ɗaya yake ƙarewa, wanda ya fi ƙarfin damtse shi ke da gaskiya. Na farkon zan bar wa ɗan shekara 5, na biyun sai ya ƙara girma.

Sannan wa ake duka, kuma da me? Farfasa mutum-mutumin ƙarfe da hasken da ke fita daga tafin hannu abu ne da yaro ba shi da yadda zai yi ya maimaita. Naushi a fuskar mutum, ko shaƙe wuya, ko wuƙa da adda da gora, duk suna nan a tsakar gida, ƙaninsa ma yana nan.

Ku kuma duba abin da ke biyo bayan dukan. Iyaye da yawa jini kawai suke gudu, in babu jini shi ke nan. Amma shirin da ake maka wa mutum guduma a ka, ya baje, ya miƙe yana dariya, shi ma yana koyar da wani abu: cewa duka ba ya ciwo. A gwaje-gwajen da Albert Bandura ya yi a Jami'ar Stanford a farkon shekarun 1960, yaran da suka ga babba yana jibgar wata 'yar tsanar roba sun kwaikwaye shi, har da waɗanda a fim suka gani. Waɗanda suka ga an hukunta mai dukan kuwa sun fi ja da baya. To a nan matsalar jarumi take: shi ba a hukunta shi, tafi ake yi masa. Shi ya sa ya kamata a lura ko yana dukan ne don ba yadda zai yi, ko kuwa daɗi yake ji, yana yi yana gatse.

Wani binciken da Sarah Coyne ta jagoranta a Jami'ar Brigham Young, wanda aka buga a 2017, ya bi yara 240 'yan ƙasa da shekarun firamare. Bayan shekara guda, waɗanda suka fi shaƙuwa da jarumai sun fi sauran saurin kai hannu, kuma ba su fi su tsaya wa wanda ake zalunta ba. Bincike ɗaya ne a kan yaran Amurka, ba a gina shari'a a kansa. Amma duk wanda ya taɓa raba faɗan 'yan nazare da aka fara da "ni ne akta, kai ne bos" ba zai yi mamakin sakamakon ba.

Tsoro kuma kowane shekaru da irin nasa. Joanne Cantor ta Jami'ar Wisconsin ta daɗe tana nazarin abin da ke firgita yara a allo, kuma abin da ta gano yana da amfani wajen tantancewa. Ƙananan yara siffa ce ke tsorata su: mummunar fuska, jajayen idanu, musamman rikiɗa. A nazarin da aka yi da shirin Hulk na talabijin, ƙananan sun fi razana lokacin da mutumin ke rikiɗa ya zama ƙaton koren nan, duk da cewa shi ne mai ceto. Ba su ga mai ceto ba, dodo suka gani. Don haka ga ɗan ƙasa da 7, ku lura da duk wurin da fuskar mutum ke narkewa ko jikinsa ke yagewa wani abu ya fito, ko da jarumin ne da kansa.

Manyan yara kuwa dodo ya daina ba su tsoro, abin da zai iya faruwa da gaske ne ke hana su barci: mutuwar uwa ko uba, gobara, sace yaro. Jarumai da dama kuma labarinsu da maraici ya fara, Batman a gabansa aka harbe iyayensa. A nan dole a yi la'akari da inda muke. Yaron da ya taɓa jin harbi da kunnensa, ko aka taɓa sace wani a danginsu, ko suka baro garinsu da gudu, kashin da aka ɗaure yara a mota aka tafi da su ba almara ba ne a wurinsa, ko da alamar ta ce shekara 7. Haka wanda bai daɗe da rashin mahaifi ba.

Wani zai ce ai mu ma da Dodo aka raine mu, yana haɗiye mutane a tatsuniya, ba abin da ya same mu. Gaskiya ne. Amma mai ba da tatsuniya tana kallon fuskokin jikokinta. In ta ga idon ƙaramin ya raina fata sai ta sassauta murya, ta gaggauta fito da wanda aka haɗiye, ta kai ƙurunƙus. Allo ba ya ganin fuskar kowa.

Daga nan sai abin da yaro zai iya gwadawa da jikinsa. Ku kalli shirin da idon wanda ya san gidansa. In jarumin daga saman gini yake dirowa, ku tuna da katanga da soro da matakalar bene. In mayafi yake ɗaurawa a wuya, ku tuna ɗankwali ko zani za a ɗaura, kuma yana iya sarƙewa a ƙusa ko reshe. In wani ruwa mai launi ya sha ya sami ƙarfi, ku tuna da kalanzir da fiya-fiya da ake zubawa a robar lemo a ajiye a ƙarƙashin gado. In wutar lantarki ce ƙarfinsa, ga soket nan daidai tsayin yaro. Wannan ba lalle ya hana kallo ba, amma yana gaya muku maganar da za ku yi da yaron tun kafin ya gwada.

Baki da tarbiyya ba sa buƙatar dogon bayani, kowane gida ya san iyakarsa. Ku saurari yadda yaran cikin shirin ke yi wa manya magana, ku ga ko iyaye da malamai kullum su ne wawayen labarin. Ku duba suturar jarumai mata, da yawan soyayyar da ke ciki, domin akwai waɗanda rabinsu ceton gari ne, rabi kuma wa ke son wa a aji. Ta fuskar addini, a ganina akwai bambanci tsakanin ƙarfin almara, irin tashi sama ko ɓacewa, da shirin da ya ginu a kan alloli da bauta da kiran aljanu. Thor daga allolin mutanen arewacin Turai na dā aka ɗauko shi, labarin Wonder Woman kuma cike yake da allolin Girka. Ɗan shekara 10 da ya yi nisa a Islamiyya ko makarantar Lahadi za a iya yi masa bayani ya gane. Ɗan shekara 4 ba shi da wurin ajiye bayanin.

Abu na ƙarshe a wannan zaman shi ne walƙiya. Ranar 16 ga Disamba 1997, wani kashin Pokémon da aka nuna a Japan, mai walƙiyar ja da shuɗi da sauri, ya kai yara sama da 600 asibiti. A 2018 ma sai da aka liƙa gargaɗi a gidajen sinima saboda irin wannan haske a Incredibles 2. In akwai mai farfaɗiya a gida, ko wanda ya taɓa yin jijjiga, duk shirin da ke yawan walƙiya a bar shi har sai an tambayi likita. Sauran yara ma kada su yi kallo a ɗaki mai duhu fuska manne da waya.

Na biyar: zama na farko tare da yaron

In shiri ya tsallake, kada a miƙa waya a tafi. Kashi ɗaya ko biyu na farko ku zauna tare, da rana, ba dab da barci ba. Ku rage kallon allo, ku fi kallon yaron. Wanda ya matso ya riƙe muku riga, ko ya toshe kunne, ko ya yi tsit ba ya ko ƙifta ido, ya ba ku amsa, ko da bakinsa yana cewa "Umma, ba na jin tsoro." Yara sukan ɓoye tsoro don kada a kashe, ko don kada yayye su yi musu dariya.

Bayan an gama ku ce ya ba ku labarin. Kada ku tambaye shi darasin da ya koya, zai ba ku amsar da ya san kuna so. Ku ce, "Me ya faru ne? Ni ban gane ba." In ya ce ɓarawo ya sace abu, suka bi shi, suka mayar wa mai shi, to ya kama zaren. In labarin duk "ya yi masa ɗau, ya yi masa tim" ne, to shirin ya girme shi. Sai ku ƙara da tambaya ɗaya: "Kai in ka diro daga katangar nan, me zai faru?" Amsar da ya bayar ta fi kowace alamar shekaru gaya muku inda hankalinsa ya kai.

Na shida: kwanakin da ke biye

Hukuncin gaskiya a wasan yara yake fitowa. Wasan jarumai a kan kansa ba laifi ba ne. Yaro ya ɗaura tawul a kafaɗa yana gudu yana ceton 'yar tsanar ƙanwarsa, wannan lafiya ce. Abin lura shi ne in wasan ya koma duka na gaske, kullum ƙarami ne bos, kullum da kuka ake tashi. Ku kuma lura da dare: firgita cikin barci, ƙin zuwa banɗaki shi kaɗai, rikicewa in an ɗauke wuta, ko fitsarin kwance ga wanda ya riga ya daina. Ku tambayi malamarsa ko ta ga wani canji. In ɗaya daga cikin waɗannan ya bayyana bayan sabon shiri, a ajiye shirin wata shida ko shekara, a sake gwadawa.

Na bakwai: a rufe sauran ƙofofin

Tantance shiri ɗaya ba shi da amfani in yaro na gama shi wani zai buɗe da kansa. A YouTube wannan ya fi muni, domin akwai masu ɗaukar fitattun jarumai su haɗa nasu bidiyon na ƙazanta da tsoratarwa. A 2017 abin ya yi ƙamari har kamfanin ya goge dubban irinsu, kuma har yau ba su ƙare ba. Ana gane su da zane mai araha, da suna mai tarkacen kalmomi, da haɗa jaruman da ba kamfani ɗaya ya yi su ba. Ku kashe maɓallin da ke sa bidiyo na gaba ya fara da kansa. A YouTube Kids akwai zaɓin da yaro ba zai ga komai ba sai abin da kuka amince da shi ɗaya bayan ɗaya, shi ya fi. Wanda ya fi duka sauƙi kuma shi ne a sauke kashin da aka tantance, a kashe data, sannan a miƙa wayar.

Dikoda tana da makullin shekaru. Ku sa shi, ku kuma canza lambar sirrin da ta zo da ita, don irin su 1234 yara sun riga ku sani. Wurin mai turi kuwa ku je da suna a rubuce: "Malam, wannan kaɗai za ka sa min, zango na ɗaya, kada ka ƙara komai ko kyauta ne."

Hana abin da yaro ya riga ya ƙwallafa rai a kai ya fi wuya. Zai ce, "Abba, ai a gidan su wane ana kallo." Kada ku ce masa shirin banza ne, don ya san yana jin daɗinsa, sai ya daina gaya muku abin da yake kalla. Ku ce, "Na sani. Wannan na 'yan shekara goma ne, in ka kai tare za mu kalla." Sannan ku ba shi madadi a ranar. Akwai na jarumai da aka yi wa ƙanana, irin su PJ Masks, akwai kuma na nahiyarmu, kamar Super Sema na Kenya da Supa Team 4 da labarinsa ke faruwa a Lusaka ta Zambiya, kodayake su ma sai sun bi ta matakan nan kamar kowa.

Gidan maƙwabta da na dangi ba ku da rimot ɗinsu, sai lallami. "Yaya, don Allah in yaran nan sun shigo kallo a sa musu na ƙanana, autan nan firgita yake da dare." Ba wanda zai ji haushin wannan, saɓanin a ce masa abin da 'ya'yansa ke kallo bai dace ba. In kuma yara sun dawo daga hutu ko yawon Sallah, ku karɓi wayar ko memorin ku duba abin da ya ƙaru, domin 'yan uwa sukan tura wa juna ta Xender cikin minti biyu, kuma sabon fayil yakan zo da sunan da bai wuce lamba ba. Ku buɗe kowanne, ku ja shi zuwa tsakiya da kuma mintuna biyar na ƙarshe, kafin ku mayar musu.